Kuskure a CV ɗin Neman Aikin Lauya: Wanda Ake Gyarawa, Wanda Ake Ƙyalewa, da Yadda Ake Yi

Babban lauya ba ya karanta CV kamar yadda manajan ɗaukar ma'aikata na banki yake karantawa. Shi manaja takardun shaida yake ƙirgawa. Mai ofishin lauyoyi kuwa, ko ya faɗa ko bai faɗa ba, CV ɗinka ne takarda ta farko da ka tsara masa, kuma da ita yake auna ko gobe zai iya ba ka takardar ƙara ka rubuta, ya sa hannu ba tare da ya kwana yana bin ta layi-layi ba. Wannan sana'a ce da sa hannu kaɗai ya taɓa rusa takardu a Kotun Ƙoli. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, an sa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauyan da ke cikin rajistar lauyoyi, kotu ta ce takardun ba su inganta ba, ta yi watsi da su. Wanda ya yi shekaru yana aiki da wannan fargabar a ransa, idonsa ba ya tsallake shekarar da ba ta yi daidai ba.

Sai dai kuma ita wannan sana'ar ce ta fi kowace sanin gyara. Babu makon da zai wuce lauya bai miƙe a kotu ya nemi izinin gyara takardarsa ba, manya da ƙanana. Saboda haka kuskuren shi kansa ba kasafai yake kashe neman aiki ba. Abin da ake kallo shi ne ko kai ka gano shi, ko ka san nauyinsa, da kuma yadda ka gyara. A nan ne matasan lauyoyi suka fi ɓata lamarinsu: wani ya yi shiru a kan abin da ya kamata ya faɗa, wani kuma ya tura saƙon ban haƙuri uku a kan waƙafi ɗaya.

Da farko, buɗe abin da ka tura, ba wanda ke kwamfutarka ba

Kada ka rubuta wa kowa komai tukuna. Shiga akwatin saƙonnin da ka aika, ka sauke ainihin fayil ɗin da ya tafi. Sau da yawa mutum yana da CV huɗu ko biyar a waya, kowanne da ɗan bambanci, kuma wanda ya tafi ba shi ne wanda yake zato ba. Idan Gmail kake amfani da shi, damar janye saƙo ba ta wuce daƙiƙa 30, don haka ka cire rai da ita. A WhatsApp ma, gogewa tana barin alamar cewa an goge wani abu, kuma mai yiwuwa sakatariya ta riga ta buga takardar ta ajiye a teburin oga.

Ɗauko takardunka na asali ka baje su: sakamakon WAEC ko NECO, satifiket ɗin digiri, takardar kammala Makarantar Lauyoyi, takardar kiran Bar (wato shaidar shigar da kai cikin lauyoyi), ta bautar ƙasa, da katin NIN. Bi CV ɗin daga sama zuwa ƙasa da biro, kowace shekara da kowane suna ka duba shi a takarda, ba a ƙwaƙwalwa ba. Dalilin wannan wahalar ɗaya ne: gyara sau ɗaya ake yi. Wanda ya tura gyara da safe, ya sake turo gyaran gyara da la'asar, ya riga ya faɗa wa ofishin irin ma'aikacin da zai zama.

Na biyu, tantance irin kuskuren

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa saboda ruɗewa.

Akwai ƙura. Waƙafin da ya ɓace, tazarar layi da ta bambanta, harafi ɗaya da ya faɗi a tsakiyar shafi na biyu. Wannan a bar shi. Gyara a naka kwafin, ka riƙe don intabiyu. Tura saƙo na musamman a kansa jawo ido ne zuwa wurin da wataƙila ba wanda ya kalla, garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuskuren rubutu da ke da nauyi saboda wurin da ya faɗa. Ka rubuta "Principle Partner" a wurin "Principal Partner" a kan wasiƙar da za ta je hannun shugaban ofishin, ko "statue" a wurin "statute", ko "trail" a wurin "trial". Kwamfuta ba za ta ja musu jan layi ba, don duk kalmomi ne. Ɗaya tilo a can ciki, ina ganin a ƙyale. Amma idan a sunan ofishin ne, ko sunan wanda ka rubuta wa, ko ka manta SAN, lambar girma ta manyan lauyoyin Najeriya, a bayan sunan wanda yake da shi, ko ka ce "Sir" ga Hajiyar da ta kafa ofishin da kanta, ko kuwa kurakuran sun kai uku huɗu a shafin farko, to a gyara. Mafi muni a wannan rukuni shi ne wasiƙar da ta tafi Kaduna ɗauke da sunan wani ofishi na Abuja, saboda an kwafe ta ba a canza ba. Wannan ba ya jiran gobe.

Akwai kuskure a kan haƙiƙanin magana: shekara, matakin digiri, muƙami, lambar waya, lambar rajista. Wannan kullum ana gyara shi, a rubuce, ko da ya yi maka daɗi ko bai yi ba.

Sai na ƙarshe, wanda ba kuskure ba ne ko da an kira shi haka: abin da ka san ba gaskiya ba ne lokacin da kake rubutawa. Za mu zo kansa.

Wuraren da shekaru da muƙamai suka fi zamewa

Lauyan Najeriya yana da ranaku da yawa masu kama da juna, kuma nan ne tarkon yake. Akwai zangon karatun da aka rubuta a satifiket, akwai shekarar da ka bar jami'a a zahiri. Waɗanda korona da yajin aikin ASUU na 2020 suka riƙe, ko yajin watanni takwas na 2022, sun san cewa waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. Akwai shekarar da ka rubuta jarrabawar ƙarshe a Makarantar Lauyoyi ta Bagauda ko Bwari ko Yola, akwai shekarar da aka kira ka Bar, kuma sukan faɗa a shekaru daban-daban. Takardu biyu ne ma daga hukumomi biyu: Majalisar Ilimin Shari'a ce ke ba da shaidar cin jarrabawa, Body of Benchers kuma, wato majalisar manyan lauyoyi da alƙalai, ita ke kiran mutum Bar, daga nan a shigar da sunansa rajistar Kotun Ƙoli. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da takarda ta ce shi za ka rubuta.

Shekarar kira ta fi sauran hatsari, domin da ita ake ƙirga girma a wannan aiki. Da ita ake sanin wanda zai fara ambaton shari'arsa a kotu, da ita ake yanke albashi a ofisoshi da dama, kuma da ita tsarin mulki ya auna cancanta: shekara 10 kafin zama alƙalin Babbar Kotu, 12 a Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 a Kotun Ƙoli. Idan talla ta ce ana neman mai shekara uku da kira, kai kuma kuskurenka ya mayar da biyunka uku, ba wanda zai yarda cewa yatsa ne ya zame, sai in kai ka fara faɗa.

Haka makin digiri. A ma'aunin maki 5, daga 3.50 ne ake shiga mataki na biyu na sama. Mai 3.47 da ya "cike" ya rubuta 3.5 bai cike lamba ba, ya canza matakin digirinsa ne. Idan talla ba ta nemi mataki ba, kana da damar ka bar shi gaba ɗaya. Rashin faɗa daban, canzawa daban. Kuma kada a haɗa sakamakon jami'a da na Makarantar Lauyoyi a layi ɗaya yadda mai karatu zai ɗauka mai kyawun ya shafi duka biyun.

Sai muƙami. Makonnin da Makarantar Lauyoyi ta tura ka kotu da ofishin lauyoyi don koyon aiki, koyon aiki ne, ba aikin ƙaramin lauya ba. Shekarar bautar ƙasa a Ma'aikatar Shari'a a rubuta ta a matsayin bautar ƙasa, ba lauyan gwamnati ba. Wanda ya je kotu ya riƙe wa ogansa shari'a, ya karɓo ranar ɗage zama, bai "gudanar da shari'ar" ba. A nan ƙarin gishiri yana da saurin tonuwa fiye da yadda matasa ke zato, saboda kundin rahoton shari'o'i irin su NWLR suna jera sunayen lauyoyin da suka bayyana, da wanda ya jagoranta da waɗanda suka rufa masa baya. Kuma duniyar lauyoyin Kano ko Sakkwato ƙarama ce. Wanda kake neman aiki wurinsa da tsohon oganka wataƙila benci ɗaya suke zama a taron reshen NBA, ƙungiyar lauyoyin Najeriya.

Wasu ƙananan abubuwa da ke sa gogaggen lauya ya ɗaga gira: rubuta "Barr." a gaban suna, balle a haɗa shi da "Esq." a baya. Mu a gari kowa Barista muke cewa, kuma ba laifi, amma kwamitin ladabtar da lauyoyi, a shari'ar NBA da Ofomata da aka ruwaito a 2017, ya ce sa wannan laƙabin a gaban suna bai dace da ƙa'idar sana'a ba. Haka wanda ya ce ya ƙware a dokar kamfanoni amma ya ambaci ta 1990, alhali CAMA ta 2020 ta maye gurbinta. Ko wanda ya rubuta yana kan digiri na biyu, shi kuwa tun bara bai sake rajista ba.

Akwai wani kuskure da masu shi ba sa ganinsa kuskure: jera sunayen waɗanda tsohon ofishinka ya yi wa aiki, da irin matsalarsu. Shari'ar da aka yanke aka ruwaito ta zama ta kowa. Amma shawarar da aka ba wani ɗan kasuwa a kan bashinsa, ko rabon gadon wani gida da aka sasanta a ɗaki, amana ce, kuma ƙa'idojin sana'a sun ɗaure ka a kanta ko bayan ka bar ofishin. Idan irin wannan ya shiga CV ɗinka, a gyara nan take. Ka ce "wani kamfanin sarrafa shinkafa" ko "wani bankin kasuwanci", ka kuma roƙi a share kwafin farko.

Na uku, rubuta saƙon gyara

A ranar da ka gano, in lokacin aiki ne. In da dare ne, washegari da safe. Ka amsa a kan ainihin imel ɗin da ka tura, don saƙonnin biyu su zauna wuri ɗaya, ka ƙara kalmar gyara a kan taken. Da Turanci za ka rubuta, amma abin da zai ƙunsa bai wuce wannan ba:

"Ranka ya daɗe, ranar Litinin na turo takardun neman gurbin ƙaramin lauya. Na lura a CV ɗin na rubuta 2021 a matsayin shekarar da aka kira ni Bar. Daidai ita ce 2022, kamar yadda takardar kiran ta nuna. Ga gyararren CV a maƙale, ina roƙon a yi amfani da shi a madadin na farko. A gafarce ni, na gode."

Dubi abin da babu a ciki. Babu labarin ɗauke wuta, babu cajin waya, babu yaron shagon kwamfuta. Ban haƙuri sau ɗaya ne. An faɗi abin da aka rubuta, an faɗi daidai, an nuna hujja, an faɗi abin da ake so a yi. Tsarin takardar neman gyara ke nan a kotu, kuma mai karantawa zai gane hannun ko bai ce komai ba.

Tambayar da aka fi yi ita ce: ba zan iya tura "sabon CV" kawai ba, in yi shiru a kan abin da ya canza? Idan rubutu ne ka goge ka gyara, za ka iya. Idan shekara ce, ko mataki, ko muƙami, a'a. Ranar da wani ya ajiye takardun biyu gefe da gefe ya ga lambar ta canza ba tare da sanarwa ba, abin da zai karanta shi ne ɓoyewa, kuma ɓoyewa ta fi kuskuren tsada.

Fayil ɗin ya zama PDF, sunansa ya zama sunanka da kalmar CV, ba "CV sabo na ƙarshe 3" ba. Kafin ka tura, aika wa kanka, ka buɗe a waya, ka tabbata wannan karon daidai ne ya maƙale. Kada ka kira layin shugaban ofishin. Kada ka tura saƙon murya.

Idan ba ta imel ta tafi ba

Da yawa daga cikin ayyukan lauya a Arewa hannu da hannu suke tafiya. Idan kai ka kai ambulan, ka koma da sabo, da ɗan gajeren rubutu a sama mai ɗauke da kwanan wata, ka ba wanda ya karɓi na farko. Gaishe shi da kyau, ka roƙi a musanya. Sakatare ko magatakardan ofis shi ne zai yanke ko sabon ya isa teburin ko ya kwana a durowa.

Idan wani babba ne ya kai maka, kawu ko tsohon malaminka, shi za ka fara gaya wa kafin kowa. Sunansa ya ɗora a kan takardar. "Baba, CV ɗin da na ba ka akwai shekarar da na rubuta ba daidai ba, ga gyararren, ko in kai da kaina ko ka ba ni shawarar yadda za a yi." Zai iya yi maka faɗa, ka shanye. Abin da ba zai manta ba shi ne ya ji maganar daga bakin abokinsa.

Shafukan ɗaukar aikin gwamnati da na manyan kamfanoni kuwa, da yawansu suna kulle fom da zarar an danna turawa, kuma tallarsu takan gargaɗi cewa cike fom sau biyu yana soke duka biyun. Don haka kada ka buɗe sabon asusu da wani imel. Duba ko ana iya gyara kafin ranar rufewa. In ba a iya ba, rubuta wa adireshin taimakon da suka bayar, ka sa lambar neman aikinka, ka ajiye kwafin saƙon. Ko ba su amsa ba, ranar tantance takardu kana da shaidar cewa kai ka fara magana, da kwanan wata a jiki.

A ɗakin intabiyu

Tafi da gyararren CV a buge, kwafi uku ko huɗu, da takardun asali a jaka. Idan ka riga ka tura gyara, kada ka ɗauka ya isa ga duk wanda ke zaune. Lokacin da kake miƙa kwafin, jimla ɗaya ta isa: "Yallabai, wannan shi ne gyararren, shekarar kira ce na gyara, 2022." Ka zauna, a ci gaba.

Idan kuma su suka gano, abin yakan zo a haka. Babban ya juyo da takardar ta fuskance ka, ya ɗora kan biro a wani layi da ya riga ya zagaye da ja, ya ce ka karanta. Ba ya neman bayani a wannan lokacin, yana kallon fuskarka ne. Karanta. Ka ce kuskure ne, kuma naka ne, ga daidai, ga takarda. Sannan ka yi shiru. Shirun yana da wuya, baki yana son cika shi, kuma abin da yakan fito shi ne "wanda ya buga min ne". Wataƙila ma gaskiya ne. Shagunan kwamfuta suna da tsohon CV da suke canza wa suna, har ka tarar da lauya yana cewa burinsa ya yi aiki a babban banki, saboda na wani aka gyara masa. Amma a gaban mutanen da kullum suke gaya wa jama'a cewa abin da ka sa wa hannu naka ne, wannan uzurin ya fi kuskuren muni.

Idan ba ka tabbatar da daidai ɗin ba, kada ka yi hasashe. Ka ce za ka duba takarda ka turo kafin a tashi aiki, ka kuma turo.

Suna da ranar haihuwa

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, don sau da yawa ba CV ɗin ne ke da matsala ba, takardun ne ba su jitu da juna ba. Muhammad a WAEC, Mohammed a digiri, Muhammed a NIN. Malamin firamare ya ƙara maka sunan garinku, Gwarzo ko Funtuwa, jami'a ta yar da shi. Sunan mahaifi ya zo gaba a nan, ya koma baya a can. Kusan kowane gida yana da mai irin wannan.

Ga lauya, sunan da ke cikin rajistar Kotun Ƙoli shi ne sunan aikinsa. Shi ke kan hatimin NBA, da shi zai sa hannu a takardun kotu. Shi za ka sa a saman CV, da rubutunsa da jerinsa, tare da lambar rajistarka idan an nema. Sauran bambance-bambancen kuma a rufe su da takardar rantsuwa daga Babbar Kotu, mai cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne, a haɗa da sanarwar jarida idan canji ne na gaske. Ka tanadi waɗannan kafin a tambaya. Ki lura, idan ke ce kika koma amfani da sunan miji bayan aure: sunan da aka kira ki Bar da shi yana nan a rajista har sai an bi ta ofishin Babban Magatakardan Kotun Ƙoli an canza. Kafin nan, CV ɗinki ya nuna sunan rajistar a fili, don kada wanda ya je bincike ya dawo ya ce bai same ki ba.

Ranar haihuwa ta fi suna zafi. Tallace-tallacen da ke ƙayyade shekaru, da ƙa'idar bautar ƙasa ta shekara 30, sun sa mutane da yawa rage shekara a wani wuri, wani lokaci ma iyaye ne suka yi tun mutum bai san komai ba. Idan takardunka suna ɗauke da ranaku biyu, ka warware wannan kafin ka shiga aikin gwamnati, domin ranar da aka rubuta a fayil ɗinka ranar ɗauka ita za ta bi ka har ritaya, ƙa'idar aikin gwamnati ba ta yarda a canza ta ba. Kuma kada ka je ka yi rantsuwa a kan ranar da ka san ba ita ba ce. Rantsuwar ƙarya laifi ne mai zaman kansa. A Nuwamban 2024, Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC, ta ba da shawarar a yi wa Babbar Jojin jihar Imo da Girandi Kadin jihar Yobe ritayar dole saboda bambancin ranakun haihuwa a takardunsu. Waɗannan mutane ne da suka kai ƙololuwa, kuma tsohuwar takarda ce ta biyo su har can.

Idan ba kuskure ba ne

Ka rubuta matakin da ba ka samu ba, ko ofishin da ba ka taɓa aiki a ciki ba, ko kwas ɗin sasanci da ba ka yi ba, yanzu kuma an kira ka intabiyu, cikinka ya ɗuri ruwa. Hanya biyu ce. Ko ka tura gyara a rubuce da ainihin gaskiyar, ko ka janye neman aikin. Ba sai ka rubuta dogon iƙirari ba, faɗin daidai ya wadatar. Amma idan aka tambaye ka yadda aka yi, kada ka ɗora sabuwar ƙarya a kan tsohuwa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai yiwuwa ka rasa wannan aikin. Abin da kake karewa ya fi shi: kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, yana da ikon gargaɗi, da dakatarwa, da soke suna daga rajista, kuma idan maganar ta kai ga ƙirƙirar takarda, ta fita daga ladabtarwa ta shiga kundin laifuka. Mutanen Kano ba su manta da 1999 ba, lokacin da Salisu Buhari ya sauka daga kujerar Kakakin Majalisar Wakilai a kan shekarun haihuwa da digirin Jami'ar Toronto, har sunan birnin ya zama abin da ake kiran jabun satifiket.

Bayan an ba ka aikin

Gano kuskure bayan an miƙo maka takardar ɗauka ya fi tsoratarwa, amma hanyar ba ta canza ba. Kafin ka sa hannu, rubuta wa mai kula da ma'aikata ko shugaban sashen da ya ɗauke ka. Idan ka riga ka fara aiki, nemi minti biyar da oga, ka faɗa da baki, sannan ka bi da rubutu don ya shiga fayil. Bankuna da hukumomi sukan tura wa jami'a da hukumar bautar ƙasa su tabbatar da takardu, wani lokaci bayan watanni, kuma takardun ɗauka da yawa suna da sharaɗin cewa bayanin ƙarya dalilin kora ne ko yaushe aka gano. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan wata biyu ne suka zame a ranar barin tsohon ofis, galibi za a ce ba komai. Idan abin da aka ɗauke ka saboda shi ne, gara a yi maganar yanzu da ka shekara uku kana jin faɗuwar gaba duk lokacin da aka ce ana tantance ma'aikata.

Toshe inda ya ɓullo

CV ɗin nan ba wuri ɗaya ya tafi ba. Rubuta jerin duk inda ka tura shi a watannin nan, ka tura gyaran ga waɗanda har yanzu maganarsu ke da rai. Gyara LinkedIn ma, don shi ake fara dubawa a kwatanta. Goge tsofaffin kwafi daga waya, ka bar guda ɗaya.

Duba waɗanda ka sa a matsayin masu tsaya maka. Wani an ɗaga shi zuwa benci, yanzu Mai Shari'a ne, kai kana kiransa da tsohon muƙami. Wani ya canza layi. Wani bai ma san ka sa shi ba. Kira kowanne, ka tura masa gyararren CV, don abin da zai faɗa a kanka ya dace da abin da ka rubuta. Lambar wayarka da ke saman shafi, ba wani ya karanta daga takardar ya kira ka gani ko za ta shigo. Idan ka rubuta cewa kana da ikon aiki a bana, ka tabbata rasit ɗin kuɗin aikin lauya, wanda wa'adinsa 31 ga Maris ne kowace shekara, yana hannunka.

Karatun ƙarshe a yi shi a takarda, daga layin ƙasa zuwa sama, don kada ido ya riƙa cike abin da ya haddace. Sannan ka ba mutum biyu: abokin karatunka da zai gane idan sunan doka ko na kotu ya karkace, da wani wanda ba lauya ba, wanda zai tsaya ya ce maka wai ya aka yi ka gama bautar ƙasa kafin ka fara ta.

Bayan ka tura gyaran, galibi ba za a amsa ba. Ofisoshi ba sa rubuto wa mai neman aiki cewa sun gani sun yafe. Kada ka sake turawa don tabbatarwa. Idan mako biyu suka wuce shiru, kana iya rubuta layi biyu kana tambayar inda aka kwana a kan gurbin, ba tare da ka sake ambaton kuskuren ba.